Filin Lambu: Fis ɗina ya ƙi hawa gora

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege, ina da ɗan fili a bayan gida inda nake shuka alayyafo da tattasai. Ƙanena da ke sauke kayan gwari daga Jos a kasuwar Mile 12 ya kawo mini irin fis, irin wanda muke sa wa soyayyiyar shinkafa, ya ce mai tsawo ne, har yakan wuce kan mutum. Na shuka kunya biyu, na kafa wa kowane tushe gora kamar yadda ake yi wa doya, amma ya ƙi hawa, ya kwanta a ƙasa yana cuɗewa. Yaya zan yi? Daga wata uwargida a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari. Matsalar daga gorar take. Doya da wake mai yaɗo, jikinsu suke naɗewa a sanda suna hawa, shi ya sa kauri ba ya damunsu. Fis ba haka yake hawa ba. Ki duba ƙarshen ganyensa, za ki ga wasu 'yan siraran zaruruwa masu murɗewa. Da su yake kama abu, kuma ba sa iya zagaye abin da ya kai kaurin fensir. Gora kuwa ga kauri ga santsi, kamar ki ce wa jariri ya riƙe turmi da hannu ɗaya.

Kada ki tuge gorar duka, tana da aikinta. Ki bar ɗaya a kowane ƙarshen kunya, sannan ɗaya duk bayan mita 2, ki cire sauran a hankali saboda saiwar fis ba ta da zurfi kuma ba ta son a taɓa ta. Waɗanda kika bari su shiga ƙasa kamar santimita 50, su kuma tashi mita 2 a sama, domin irin mai tsawo yakan kai mita 1.8 ko fiye. Ki ɗaura wata gorar a kwance a can sama ta haɗa su. Mutane kan raina wannan ta saman, alhali ita ke hana igiya lanƙwasa idan ganye ya yi nauyi, ita ce kuma ke tsayawa da iskar hadarin Legas, wadda kin san ba ta sallama.

Daga nan sai ki ja siririyar igiya a kwance daga gora zuwa gora, layin farko kamar santimita 10 daga ƙasa, sauran kuma tazarar santimita 15 har sama. Ki ƙara wasu a tsaye tsakaninsu su zama raga. Zaren ɗinkin buhu ya isa. Waya ba na sonta a garin nan: tsatsa ke cinye ta, rana kuma tana gasa ta. Wasu na karɓo tsohuwar komar masunta, tana yi idan idonta manya ne, yadda hannu zai shige. Mai ƙananan ido tana kama ƙadangaru da tsuntsaye, kuma ranar tsinka za ki sha wuya.

Su kuma waɗanda suka riga suka kwanta, ki ɗaga su da sassafe, ki jingina su da layin farko, ki ɗaure sako-sako da tsumma. Karan fis kogo ne a ciki, da ya karye shi ke nan. Ki soka 'yan busassun rassa masu yatsu a gindinsu su zame musu matakala, cikin kwanaki kaɗan za su kama da kansu. Shuka ta gaba, ki kafa komai tun kafin iri ya shiga ƙasa.

Sai dai Hajiya, akwai maganar da ƙanenki bai gaya miki ba, kuma ta fi ta gora girma. Fis ɗan sanyi ne. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 13 da 18, da zafi ya doshi 30 kuwa sai fure ya riƙa zubewa ba ya ɗaura 'ya'ya. Abin da ya sa na kasuwa daga Filato yake zuwa ke nan, Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Mu a Legas ko da dare da wuya mu sauka ƙasa da digiri 20, ga laima a iska da ke jawo cutar da ke fitowa kamar farar ƙura a ganye. Don haka kada ki ga ya hau raga ya yi kore shar ki fara ƙirga mudu.

Ban ce ki haƙura ba. Ki auna shukar ta yadda furen zai faɗo a watan Agusta, lokacin da gari ya fi sanyi ruwa kuma ya ɗan tsagaita, ko cikin ɗan hunturun da muke samu a Disamba da Janairu. Ki ɗaga kunya sosai kada ruwa ya kwanta, ki zaɓi inda rana ke samunsa da safe, inuwar katanga ta rufe shi da la'asar. Kashin kaji kaɗan za ki sa, in ya yi yawa ganye za ki girbe. Ko da yake ganyen ma ba asara ba ne, ana tsinke tohon sama a soya shi kamar alayyafo.

In ni ne, kunya ɗaya zan ba fis don gwaji. Ɗayar in sa mata kokwamba, ko ugu irin na maƙwabtanmu. Su ma da zare suke kamawa, ragar nan za su hau, kuma zafin Legas bai dame su ba. Ugu dai yana da nauyi, sai ki ƙara masa gora.

Tambaya: Malam, gara ce ke cinye mini gindin sandunan da nake kafa wa tumatir, kafin a gama tsinka sun faɗi. Daga wani mai lambu a Ojo.

Amsa: Ɗan'uwa, ka babbake gindin a wuta har ya yi baƙi kafin ka kafa, yana rage ɓarnar ko da bai hana ta gaba ɗaya ba. Ka nemi gorar da ta ƙosa ta bushe, ɗanya ba ta jimawa. Baƙin man mota da wasu ke shafawa kuwa, kada ka kai shi inda ake shuka abin ci. In an gama tsinka ka tuge sandunan, ka kakkaɓe ƙasar, ka ɗora su a kan bulo inda ruwa ba ya dukansu.