Tambaya da Amsa: Warin mutum kwana nawa yake yi a daji kafin barewa ta dawo?

Tambaya daga wani mai karatu a Mai Wurno, jihar Sinnar a ƙasar Sudan:

Salamu alaikum Baba, da fatan kana lafiya da iyali. Ni manomi ne amma ina ɗan taɓa farauta in an gama girbi, gadon kakana ne. Akwai wani hor, wato kwarin rafi, can bayan gonarmu da ruwa ke kwantawa har cikin sanyi, ran wata Laraba da hantsi na je na ga sawu sabo fal a bakin ruwan, murna ta kama ni na zagaya wajen kaf, na sassare rassa na gyara inda zan laɓe, na zauna na sha shayina sannan na koma gida. Da magariba na dawo na kwana a wajen wallahi ko ɓera ban gani ba, washegari ma haka, sai a kwana na huɗu sawu ya dawo amma a tsakar dare suke zuwa. Abokina yace warina na bari a wajen, wai haka maharban Amurka ke cewa a bidiyon da yake kallo a YouTube, har turare na musamman suke fesawa. Kakata kuma tace baki ne akai min. Dan Allah Baba warin mutum kwana nawa yake yi a ƙasa?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi albarka. Ka gaishe min da Hajiya kakarka, ka ce mata nace ba wanda ya yi maka baki, kai ka yi wa kanka da hannunka, kuma da ƙafarka, da kofin shayinka. Abokinka ya fi ta kusa da gaskiya a wannan karon, sai dai shi ma rabin maganar ya kamo.

Jikin ɗan Adam kullum zuba yake, ko yanzu ka fito daga wanka. Fata na saɓa tana zubar da ɗan ɓurɓushin da ido baya gani, gumi na fita, ƙwayoyin cuta na kan fata suna cin gumin hammata da matsematsi su maida shi wannan tsamin da muka sani, ga numfashi, ga man hannu da kake bari a duk abin da ka dafa. Kai baka ji saboda hancinmu rago ne, amma dabbar da rayuwarta kaf ta rataya a kan ta ji abokin gaba kafin ya ganta, hancinta a jiƙe yake kullum, cikinsa kuma lungu lungu ne mai faɗi da ke kama ɗan abin da iska ta ɗauko. Kaga kare, ai yana bin sawun mutum wanda ya kwana, to dabbar daji ba ta yi nisa da shi a wannan fannin ba.

Yanzu lissafin da ka tambaya. A fili tsaf, ƙasa busasshiya, rana irin ta watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a wajenmu, sawun da ka taka da safe zuwa la'asar mafi yawansa ya ƙone ya tashi, awoyi kaɗan kenan. Amma kai ina ka je? Bakin ruwa, cikin inuwa, lokacin sanyi, kan laka. Nan ne wajen da wari ya fi ko'ina daɗewa, danshi na riƙe shi, sanyi na hana shi tashi, ciyawa mai raɓa kuma kamar soso take. A irin wannan waje ni a abin da na gani da idona kwana ɗaya cur ba komai bane, yakan kai biyu, kuma inda ka zauna ka jingina ka yi gumi ko ka kama reshe da tafin hannu ya fi inda ka wuce kawai daɗewa nesa ba kusa ba. Yayyafi ma ba ya wanke shi, tayar da shi yake yi kamar yadda ƙasa ke ƙamshi in an yi ruwan farko, sai ruwa mai ƙarfi irin na tsakiyar damina ne ke share wajen tas.

Toh amma kace kwana huɗu, kuma da suka dawo da dare suke zuwa. Wannan ba warin Laraba bane ya kai Asabar. Na farko dai kai da kanka ka riƙa sabunta shi, ka kwana biyu a wajen kana numfashi kana juyi. Na biyu kuma wanda ya fi muhimmanci, wari ya tashi amma dabba ba ta manta ba. Uwar garke in ta zo shan ruwa ta ji mutum a inda ba ta saba jinsa ba, ga sabon sara a jikin itace, ga ɗanyen ganye a ƙasa yana warin ruwan itace, shikenan ta sa wa wajen alama a ranta, ko ta sauya mashaya ko ta sauya lokaci. Da ƙishi ya matsa musu sai suka dawo a lokacin da suka san ɗan Adam na barci. Wannan tsoron yakan kai mako, in an cika damunsu kuma ya zama ɗabi'a, su koma 'yan dare gaba ɗaya.

Bari in baka labarin yadda ni aka koya min, dan da duka aka koya min. Ina ɗan shekara sha uku haka kawuna Allah ya jiƙansa ya tafi da ni wani hor da asuba, a wuyansa akwai wani ɗan ƙullin tsumma kamar laya, ni duk zatona asiri ne. Ashe toka ce. Duk bayan 'yan taku sai ya tsaya ya ɗan kaɗa ƙullin da yatsa, tokar ta fito siririya ya bi ta da ido ya ga inda ta nufa. Muna laɓe a gindin wata ƙaya, mazo ya fito daga duhuwa yana tafiya a hankali, kai ƙasa, ina jin zuciyata kamar zata fito. Sai naji sanyin iska a ƙeyata, wato ta juya kenan daga bayanmu zuwa wajensa. Ban ƙirga biyar ba ya cira kai, hancin na motsi, ya yi haushi ɗaya irin na kare ya faɗa duhuwa, ko inuwarmu bai gani ba. Da gari ya waye kawu ya kai ni ya nuna min sawun, inda kofaton gaba biyu suka nutse cikin laka ya ja birki, da inda ya murɗa. Marin da na sha ba na iskar bane, wannan ikon Allah ne, na sha shi ne dan a hanyar dawowa ina tafe ina shafa kan ciyawa da hannu irin na yara. Yace min kana rubuta musu wasiƙa ne?

Wato warin da ke cikin iska shi ne babban mai ɓata farauta, kuma shi baya ma daɗewa, da ka tashi ya bi iska ya watse, sai dai a daidai lokacin da kake wajen yana iya kai labarinka ɗaruruwan mitoci. A ƙasarmu iskar sanyi daga arewa take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma, wannan kowa ya sani, amma a cikin hor lissafin ya kan canza. Da yamma in ƙasa ta huce, iska mai sanyi nauyi take yi ta gangara ta bi kwarin kamar ruwa, da hantsi in rana ta dumama ƙasa kuma sai ta hau sama. Kai ka je da magariba, in har maɓoyarka na sama da ruwan to warinka gangarawa ya yi ta yi har bakin mashaya duk daren, kana zaune kana jira su kuma suna can nesa suna sauraron labarinka. Zauna ƙasa da inda suke fitowa, iska na bugun fuskarka, ka shigo ta hanyar da ba tasu ba, kar ka tsallaka turbarsu. Leƙen waje kuma daga nesa ake yi, in dole sai ka gyara maɓoya ka gyara ka bar ta mako guda ko fiye kafin ka zauna.

Batun bidiyon Amurka, wancan dabbar da suke harbi mai farin wutsiya ba barewarmu bace, danginsu ma daban, nata ƙahon rassa gare shi kuma namijin zubar da shi yake duk shekara ya sake sabo, tamu kuwa ƙahonta na nan har ta mutu. Tasu a kurmi mai sanyi da danshi take zaune inda ido baya nisa, dole hanci ya zama sarki, shi yasa suka damu da wari haka har kamfanoni suka samu kasuwa. A wajenmu mazo da gada da kwanta-rafi sune masu irin wannan halin, gadu ma idonsa ba kirki amma hancinsa sai addu'a. Barewar fili kuwa da ido ta fi aiki, tun kana ɗan ɗigo a nesa ta hango ka. Turaren fesawar nan kar ka ɓata kuɗinka, yana iya rage warin riga amma numfashinka fa, zaka daina ne?

Abin da zaka iya ragewa kyauta shi ne wanda muke ɗauka daga gida, kuma mu nan Sudan Allah ya yi mu da son ƙamshi. Jallabiyar da ta kwana a ɗakin da aka sa bahur, ko ta goga jikin kayan uwargida masu humra da dilka, wallahi ko ni da hancina na tsufa ina jinta daga ƙofar masallaci. Ga jabana, gahawarmu, ga sigari, ga masu tumbak suna tofarwa a duk inda suka zauna, ga fetur ɗin babur a hannu. Ware kayan daji daban, a wanke da ruwa zalla a shanya a waje. Takalmin roba ya fi markub na fata rashin barin wari a ƙasa. Tsofaffinmu suna tsayawa cikin hayaƙin kashin shanu ko su shafa laka, yana ɗan taimakawa, ban hana ka ba, amma ka sani hancin dabba rarrabewa yake, kamar tsohuwar da za ta ɗanɗana miya tace maka daddawar ta yi yawa kuma an sa albasa ɗanya.

Sai magana ɗaya da bazan rufe ba ban faɗa maka ba tunda ɗana na kira ka. Naman dajin nan ya ƙare ko ya kusa, noman tarakta ya cinye dazukan Gadarif da Sinnar, abin da ya rage yawanci yana gandun Dindir ne wanda aka keɓe tun 1935 can iyakar Habasha, kuma farauta a cikinsa laifi ne, a wajensa ma sai da lasisi daga hukumar namun daji. Raƙumin dawa da kakanninmu suka sani a can yau babu shi. Ka bar mace mai ciki da mai shayarwa. Sannan tun da yaƙin nan ya ɓarke a Afrilun 2023, saurayi da bindiga a daji da dare ba wanda zai tsaya tambayarsa ko barewa yake nema, ka yi wa Hajiya rai.

Tambaya daga wata mai karatu a wani ƙauye kusa da Damazin:

Baba ina wuni. Ni ba farauta nake ba, ɗan wake na shuka a bayan gari dabbobi suna cinye min da dare. Ance in rataya tsohuwar rigar maigidana mai gumi, na rataya, kwana uku suka daina zuwa yanzun kuma har gindin rigar suke ci. Rigar ce ta lalace ko me?

Amsa:

Lafiya lau 'yata, sannu da ƙoƙari. Abu biyu ne suka haɗu. Rana da iska sun cinye gumin cikin 'yan kwanaki ta koma tsumma kawai, sannan su ma sun gane wari ne mara mutum, dan dabbar da ke kiwo kusa da gari kullum tana jin mutane, abin da ke firgita ta shi ne sabon abu a sabon waje. Duk kwana biyu ki sauya da wadda ya cire a ranar, ki kuma sauya mata gurbi, ki rataya ta ɓangaren da iska ke fitowa yadda warin zai ratsa gonar, yau ki haɗa da gwangwanaye masu ƙara, jibi ki cire su. Duk da haka shingen ƙaya ya fi duk wannan, ko na dakwara ko na farar ƙaya, a yi shi da kauri daga ƙasa. Kuma ki duba sawun da kyau da sassafe kafin a tattake, in kika ga an tone ƙasa an turbuɗe tushen to gadu ne, shi riga ba ta dame shi ba sosai. In kuma sawun ya yi kama da na akuya kuma ya nufi cikin gari, toh wannan ba ni zaki kawo wa ƙara ba, maƙwabta zaki leƙa ki ga wa ke kwance tasa da dare.