Ƙanwata, AlphaFold bai kashe mana kasuwa ba

Wa'alaikumussalam ƙanwata, ya bautar ƙasa, ya su Umma? Allah yasa kowa lafiya. Na karanta saƙonki tsaf. Kince kin gama bayokemistiri, ranki na son binciken surar furotin da yadda suke aiki a jiki, kina tunanin Jamus, amma wani malaminku ya kashe miki gwiwa wai tunda AlphaFold, manhajar da ke hasashen surar furotin, ya fito kwamfuta ta gama aikin kowa ya kama gabansa, sannan ga wani ejan yana cewa ki turo kuɗi ya samo miki admishan. Toh bari na fara da na malamin naku dan shi ne yafi tsaya min a rai.

Wlh ba haka abun yake ba. Eh AlphaFold ba ƙaramin abu bane, a 2020 ya ba kowa mamaki a gasar hasashen surar furotin da ake kira CASP, zuwa 2022 sun zuba hasashen sama da miliyan 200 kyauta a intanet, a 2024 kuma Demis Hassabis da John Jumper, jagororin ƙera shi, suka raba Nobel ɗin kemistiri da David Baker. Amma ki tambayi malam a ina AlphaFold ɗin ya koyi karatun nasa? A PDB ya koya, rumbun surorin furotin da aka buɗe a 1971 da sura bakwai kacal, yanzu ya haura 200,000, kuma mutane ne suka zuba su ɗaya bayan ɗaya, kowacce da wahalarta a lab. Mu kanmu a lab ɗinmu kullum muna amfani da AlphaFold, har ya rage mana wani aiki da a da yake cin watanni. Sai dai hasashe ne, kuma galibi hoto ɗaya yake baki a tsaye, alhali furotin motsi yake, yana buɗewa yana rufewa, yana kama wani yana saki, magani na shiga aljihunsa ya canza masa zama. Ba kamfanin maganin da zai zuba miliyoyi kan hasashe zalla bai ga abun da ido ba.

Ki ɗauki sikila tunda ba gidan da baisan zafinta ba a wajenmu. Tun 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna himogulobin ɗin mai sikila daban yake da na sauran mutane, sai Vernon Ingram a Kambirij wajen 1956 zuwa 1957 ya gano ainihin wurin. Sarƙar beta ta himogulobin amino asid 146 gareta, wato tubalan da ake jerawa su zama furotin, guda ɗaya tak aka musanya, a gurbi na 6, inda ya kamata gulutamik asid ya zauna sai balin ya zauna. Shikenan fa. Gulutamik na son ruwa, balin baya so, dan haka da zarar jini ya sauke iskar oksijin sai wannan balin ɗin ya nemi wurin ɓuya, ya cusa kansa cikin wani ɗan aljihu a jikin himogulobin na kusa da shi, wancan ma ya kama na gaba, a haka a haka har su zama dogayen zaruruwa masu tauri da suke lanƙwasa ƙwayar jinin ta toshe ƙananan jijiyoyi, ciwon da kike ganin yaro na birgima kenan. Yanzu in kika ba AlphaFold jerin na mai lafiya da na mai sikila, kusan sura iri ɗaya zai fito miki da ita, kuma bai yi ƙarya ba dan ɗaiɗaikunsu kusan iri ɗaya ne. Ciwon yana cikin yadda suke manne wa juna ne, kuma gwaji ne ya nuna wannan. Max Perutz sama da shekara 20 yayi akan himogulobin kafin ya ga surarsa, shi da John Kendrew suka samu Nobel a 1962. Daga irin wannan sanin akayi maganin Oxbryta da yake riƙe himogulobin a yanayin da baya mannewa, Amurka ta amince da shi a 2019, sai gashi a 2024 Pfizer ta janye shi daga kasuwa saboda damuwa kan lafiyar masu sha. Kinga kuwa aiki bai ƙare ba, ko akan furotin ɗin da aka fi kowanne sani.

Abun da nake so ki shirya masa tun yanzu shi ne wannan hotuna masu kala da kike gani a mujallu su ne ƙarshen aikin, kuma su ne mafi ƙanƙantarsa. Yawancin ranakunki wajen samar da furotin ɗin zasu tafi. Zaki saka jin (ƙwayar gado) na furotin ɗin da kike so cikin ƙwayoyin bakteriyar E. coli, ki raine su a manyan kwalabe lita lita suna girgiza, ruwan ya koma kamar koko, warin kuma sai kin saba, ki zuba sinadarin IPTG su fara ƙera miki furotin, washegari ki tara su ki fasa, ki wuce da ruwan ta kan kolom ɗin nikel ya riƙe naki ya saki sauran, ki wanko shi da imidazol, duk wannan a ɗakin sanyi mai digiri 4 kina sanye da rigar sanyi ƙarƙashin farar rigar lab. Sai ki gudu jel ki rina shi shuɗi ki ɗaga wa fitila kina addu'a layi ɗaya mai kauri ya fito a inda kike tsammani. Sau tari ba ya fitowa. Ko ya fito amma ya dunƙule ya zama laka a ƙasan tub, ko da safe ki tarar ya gutsuttsure. Sai ki canza zafi, ki canza gishiri, ki datse wutsiyar furotin ɗin, ki koma ƙwayoyin ƙwari in E. coli taƙi. Wata shida na iya wucewa a nan baki ga komai ba, kuma ba wai baki iya bane, haka sana'ar take.

In ya fito tsaf sai neman kiristal, dan shi ake haskawa da eksire a gano surar furotin ɗin. Akwai faranti mai ramuka 96, robot ke ɗiga ɗigo ƙanana da ido baya gani sosai, kowane rami da nasa haɗin, ki ajiye ki riƙa leƙawa a madubin ƙara girma. Ranar da kika ga wani ɗan abu mai gefe gefe yana ƙyalli a cikin ɗigo, hmm, ba'a magana. Zaki ɗauko shi da wani ɗan zobe na zaren nailan a bakin tsinke, hannu na rawa, numfashi a riƙe dan ɗigon na bushewa cikin daƙiƙu, ki tsoma shi cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Kuma kar kiyi saurin kiran gida, dan wani lokacin sai an haska shi a ga ɗigo ɗigo ƙalilan masu baƙi sosai a allo, wato gishiri ne yayi kiristal ba furotin ba, kowa a lab ya taɓa shan wannan.

Wurin haskawar shi ne dalilin da yasa Hamburg, inda nake, ta dace da wannan karatu. A unguwar Bahrenfeld akwai cibiyar bincike ta DESY, a ciki akwai PETRA III, sinkurotiron kenan, wato zobe ne mai kewayen kilomita 2.3 da ilaktiron ke zagayawa suna fitar da hasken eksire mai tsananin ƙarfi, EMBL, cibiyar binciken bayoloji ta Turai, na da nata layukan haske a jikinsa musamman dan furotin. Ga European XFEL, injin lesar eksire mai tsawon kilomita 3.4 a ƙarƙashin ƙasa har garin Schenefeld, an buɗe shi 2017. Ɗaya hanyar kuma da ta karɓe fage yanzu ita ce kirayo, madubin ilaktiron da ake daskarar da furotin cikin siririn ƙanƙara a ɗauki hotuna dubbai kwamfuta ta haɗa, ba sai da kiristal ba, ita ta ci Nobel a 2017, amma injin ɗaya irin Titan Krios miliyoyin Yuro ne, kuma shima in furotin ɗinki ba tsafta bazai miki komai ba.

Kuma kar kiji kamar cututtukanmu basu da shiga a nan. A 2012 masu bincike daga Hamburg da Lübeck da abokansu suka fito da surar wani inzayim, katefsin B, na ƙwayar cutar barci, dangin wadda take sa sammore a shanu, abun sha'awa kiristal ɗin a cikin ƙwayoyin ƙwari masu rai suka tsiro, aka kai Kalifoniya aka haska. Surar furotin ɗin da ke saman jikin ƙwayar Lassa a 2017 ta fito daga Scripps a Amurka, cutar da sunanta ma na garin Lassa ne a Borno. Cibiyar Bernhard Nocht ta cututtukan ƙasashe masu zafi nan Hamburg take tun 1900, kuma sun daɗe suna aikin Lassa da asibitin Irrua a Edo. Marigayi Farfesa Andrew Nok na ABU akan inzayim ɗin ƙwayar sammore yayi suna har ya ci kyautar kimiyya ta NLNG a 2009, daga Zariya fa. Dan haka in zaki rubuta wa farfesa, ki zo da tambaya taki ta gida wadda kika karanta akanta sosai. Wasiƙar da ta fara da "tun ina ƙarama nake son kimiyya" suna samun irinta tuli, ba mai kaiwa ƙarshenta.

Batun ejan, dan Allah ki riƙe kuɗinki. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba kuɗin makaranta sai ɗan kuɗin zango, banda jihar Baden-Württemberg da take karɓar Yuro 1,500 duk zango daga waɗanda ba 'yan Turai ba, da jami'ar TUM ta Munich da ta fara caji a 2024. Neman gurbi da kanki zakiyi a shafin makaranta ko ta uni-assist, shafin da ke karɓar takardun ɗaliban waje, ba abun da ejan zai danna da ke bazaki iya dannawa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne biza, in mastas zaki zo ba sikolashif sai kin nuna kuɗin zama na shekara a asusun da ake kullewa, tun 2024 Yuro 11,904 ne, ki buga da canjin naira kiji. Kuma kar wani yace miki aiki zai biya, ɗalibi kwana 140 cikakku aka yarje masa a shekara, mastas na lab kuma baya barin mutum ya numfasa balle ya je wankin kwano da dare.

PhD kuwa a fanninmu aiki ne ake biyanki albashi, galibi kashi 65 cikin ɗari na matakin albashi E13, bayan haraji da inshorar lafiya abun da zai shigo hannu wajen Yuro 2,000 ne ko ƙasa da haka kaɗan, ya isa mutum ɗaya in ya samu ɗaki, dan ɗaki a Hamburg shi ne yaƙin farko. Amma yawanci sai da mastas. Dan haka in son samu ne ki duba DAAD, hukumar Jamus mai bada sikolashif, ki duba shirin Molecular Biology na Göttingen da yake ɗaukar masu digiri na farko kuma yana tallafa musu, EMBL ma na da shirin PhD da kowace ƙasa ke nema. In kuma basu samu ba, ni banga laifin yin mastas a kusa ba, WACCBIP a Jami'ar Ghana da ke Legon suna da lab na gaske, ABU ma na da cibiyar cututtukan da aka yi watsi da su. Wadda ta fito daga can tana iya tsarkake furotin da hannunta ta nuna hoton jel ɗinta, a ganina tafi mai fas kilas da bata taɓa riƙe fifet, abun ɗiban ruwa a lab, ba samun shiga, dan shi farfesa abun da yake auna wa shi ne wata nawa zai ɓata kafin ya barki ke kaɗai a benci.

Kin tambaya hijabi, ba wanda ya taɓa hanani aiki saboda shi, kawai ki samu na auduga ki cusa cikin rigar lab saboda wuta da injina masu juyawa. Abun da yafi wahala hunturu ne, a Disamba ƙarfe huɗu rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk suna bin juna kina tsakiyar kolom, sai kin koyi tsara gwaji da lokacin sallah. Jamusanci ba dole bane a lab amma ofishin baƙi da mai gida basu san wannan zancen ba, ki fara koya tun yanzu.

Maganar komawa gida kuma bazan ɓoye miki ba, har yau duk nahiyar Afirka ba sinkurotiron ko ɗaya, ana ta fafutukar African Light Source tun taron farko a Grenoble a 2015, mafi kusa da mu a wajen Turai shi ne SESAME a Jodan da aka buɗe 2017. Amma yanzu ba sai mutum ya taka ƙafarsa ba, kiristal ake sawa a tulun sanyi a aika sinkurotiron na Diamond a Ingila ko na ESRF a Faransa, a tattara bayanan daga nesa ta intanet. Abun da lab na gida ke buƙata shi ne wuta tsayayya, firiza mai digiri 80 ƙasa da sifiri da bazata mutu ba, kayan haɗi su iso ba tare da sun lalace a hanya ba, da mutumin da ya iya furotin. Uku na farkon ba a hannunki suke ba, na huɗun ne zaki iya zama. Akwai ma BioStruct-Africa da suke shirya bita kan wannan fanni a ƙasashen Afirka, ki riƙa bibiyar sanarwarsu.

Ga aikin da zakiyi kafin ki sake rubuto min. Ki sauke ChimeraX, manhajar kallon surar furotin, kyauta ce, ki shiga PDB ki ɗauko 4HHB, himogulobin na lafiya kenan, da 2HBS na sikila, ki nemo balin na 6 ki ga aljihun da yake shiga a jikin maƙwabcinsa, ki ɗauki hoto ki turo min da bayani layi biyar da bakinki ba kwafi ba. In laftof ɗinki ya ɗauka ki fara taɓa Linux da ɗan Python, dan duk manhajojinmu can suke zaune. Sannan ki fara bin taransikirif ɗinki tun yau, ki nemi malamai biyu da suka sanki a lab da gaske su yarda zasu rubuta miki wasiƙa, dan wasu shirye shiryen tun kaka zuwa Janairu suke rufe karɓa. Ki haɗo da CV ɗin in duba miki. Ki gaida Umma da kyau.