Tambaya da Amsa: Da gaske ne sojan Amurka yana iya wayar gari babu albashi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana na biyu ya ci lotarin bizar Amurka, bayan ya zauna a can na ɗan lokaci ya shiga aikin soja, yanzu yana da mata da jariri. Duk wata yakan turo mini kuɗin cefane da na makarantar ƙannensa ta momo. A watan Oktoban 2025 ya kira ni ya ce in yi haƙuri, an rufe gwamnati, ba shi da tabbacin za a biya su, kuma sai da ya yi wata biyu bai turo komai ba. Maƙwabta suna cewa ƙasa kamar Amurka ba za ta rasa kuɗin biyan soja ba, wai matarsa ce ta hana shi. Gaskiya ya faɗa mini? Kuma abin yana iya sake faruwa?
Wata uwa, Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ɗanki gaskiya ya faɗa miki, kuma maƙwabtanki ma sun yi daidai a rabin maganarsu, domin Amurka ba kuɗi ta rasa ba, izinin taɓa kuɗin ne ya ƙare. Kundin tsarin mulkin ƙasar ya haramta a fitar da ko dala ɗaya daga baitulmali sai majalisar dokoki ta amince, kuma shekarar kuɗi a can tana farawa ne ranar 1 ga Oktoba. Kafin wannan rana ana so majalisa ta zartar da dokokin kasafi guda 12 da suka raba ma'aikatu a tsakaninsu, ko kuma ta yi kasafin wucin gadi na wasu makonni. Idan jam'iyyun biyu suka ja daga, musamman a majalisar dattawa inda ake buƙatar ƙuri'a 60 cikin 100 kafin irin wannan ƙudiri ya wuce, sai ranar ta zo babu izini. Abin kamar rumbu ne cike da hatsi, masu riƙe da makullin suna ta jayayya a bakin ƙofa.

Akwai tsohuwar doka da ta hana ma'aikatu kashe abin da ba a ware musu ba. A shekarun 1980 da 1981 ministan shari'a na lokacin, Benjamin Civiletti, ya fassara ta da cewa dole aiki ya tsaya idan kasafi ya ƙare, sai dai ayyukan da suka shafi kare rai da dukiya. Daga nan ne rufe ma'aikatu ya zama abin da aka sani a yau: ana sallamar wasu ma'aikata su zauna a gida, wasu kuma su ci gaba da aiki ba tare da an biya su ba har sai an sasanta. Soja yana cikin rukuni na biyu, kuma halinsa ya fi na kowa tsauri, domin ba shi da ikon yajin aiki, ba shi da ikon ajiye aiki kafin wa'adin da ya sa wa hannu ya cika, idan kuma ya ƙi fitowa dokar soja za ta hukunta shi. Albashinsa ba ya ɓata, ana biyansa duka idan an buɗe gwamnati, amma babu wanda zai iya faɗa masa ranar.

Dole kuma in faɗa miki wani abu da wataƙila maƙwabtan za su riƙe a matsayin hujja: a rufewar 2025 an biya sojoji. Sai dai ki duba yadda aka yi. Rufewar ta fara ranar 1 ga Oktoba saboda saɓani kan tallafin inshorar lafiya, ta kai kwana 43, ta fi duk waɗanda suka gabace ta tsawo. Sojan Amurka sau biyu yake karɓar albashi a wata, ranar 1 da ranar 15. Ana saura kwanaki kaɗan 15 ga Oktoba ta cika, Shugaba Donald Trump ya umarci ma'aikatar tsaro ta lalubo kuɗi, aka kwaso kusan dala biliyan 8 daga asusun bincike da ƙere-ƙere aka biya. Na ƙarshen wata ma tattaro shi aka yi daga wasu asusun. Har wani attajiri ya ba da kyautar dala miliyan 130, wadda idan aka raba wa sojoji kusan miliyan 1.3 da ke bakin aiki, kowa dala 100 zai samu. Ministan kuɗi Scott Bessent ya fito ya yi gargaɗi cewa idan aka kai 15 ga Nuwamba ba za a iya biya ba, sai aka yi sa'a aka buɗe gwamnati ranar 12 ga watan. Wato duk tsawon makonnin nan ɗanki yana kwana ne bai san ko albashi na gaba zai shigo ba, kuma mutumin da yake da jariri a gida, idan ya riƙe abin da ke hannunsa a irin wannan hali, hankali ya yi.

Tsoron nasa kuma yana da tushe. A rufewar da ta fara 22 ga Disamba 2018 ta ƙare 25 ga Janairu 2019, wadda rigimar kuɗin katangar iyakar Meziko ta haddasa, an riga an zartar da kasafin ma'aikatar tsaro, don haka sojojin ƙasa da na sama da na ruwa sun tsira. Amma dakarun tsaron gaɓar teku, waɗanda suke ƙarƙashin ma'aikatar tsaron cikin gida, sun wayi gari ranar 15 ga Janairu babu albashi, su fiye da dubu 40, har aka riƙa ganin iyalansu suna bin layin karɓar abinci kyauta. A 2013 kuwa majalisa ta yi sauri ta zartar da dokar biyan sojoji, Shugaba Barack Obama ya sa mata hannu ranar 30 ga Satumba, daren da za a rufe. Duk da haka sai aka tarar dokar ba ta haɗa da dala 100,000 da ake ba iyalan sojan da ya rasu a bakin aiki ba, sai da gidauniyar Fisher House ta yi tayin biya kafin majalisa ta gyara. Abin da nake so ki lura da shi shi ne kowace rufewa da tata dabarar, kuma dabarar da ta yi aiki bara ba alkawari ba ce ga bana. Saboda haka amsar tambayarki ta biyu ita ce e, yana iya sake faruwa, duk lokacin da wa'adin kasafi ya cika ba a daidaita ba.

Ƙananan sojoji ne abin ya fi yi wa ciwo, kuma a nan ne mutanenmu suke yin kuskuren lissafi. Albashin tushe na sabon kurtu bai wuce dala dubu biyu da 'yan ɗaruruwa a wata ba, ko bayan ƙarin kashi 14.5 cikin ɗari da aka yi wa ƙananan muƙamai a 2025. Idan aka canza shi zuwa sidi a kasuwar Kejetia zai yi kama da dukiya, amma a can ake kashe shi, da farashin can. Wanda ba shi da aure yana kwana a bariki yana ci a ɗakin cin abinci na soja, shi da sauƙi. Mai iyali kamar ɗanki ana ba shi alawus na gida da na abinci, kuma waɗannan tare da albashi suke tafiya, idan ya tsaya su ma sun tsaya. Kuɗin haya, da bashin mota, da inshora, da kuɗin waya, yawanci banki ne yake cire su da kansa a ranar da aka sa. Idan ranar ta zo asusu babu kuɗi sai tara ta hau, a kuma rubuta a tarihin bashin mutum cewa ya yi latti. Wannan rubutu yana bin sa idan ya je neman gida ko rance, kuma a aikin soja tarin bashi yana iya jawo a sake duba izinin da aka ba mutum na sanin sirrin aiki. Ko a lokacin da komai yake lafiya, binciken da cibiyar RAND ta fitar a 2023 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sojojin da ke bakin aiki sun fuskanci ƙarancin abinci a gidajensu. Idan kuma matar soja ma'aikaciyar gwamnati ce ta farar hula, kamar yadda da yawa suke aiki a cikin sansanoni, to nata albashin shi ne yake fara tsayawa.

Shawarata gare ki, Hajiya, kada ki ɗora wa surukarki laifin da 'yan majalisa suka yi. Idan aka sake shiga irin wannan hali, ki riga shi magana ki ce ya dakata da aike har a buɗe, domin yaranmu da yawa kunyar gida ce take tura su cin bashi mai tsada don kada a ce sun gaza. Ki kuma tuna masa cewa akwai ƙungiyoyin agaji na sojoji da aka kafa domin irin wannan rana, kamar Army Emergency Relief ta sojojin ƙasa da Navy-Marine Corps Relief Society ta na ruwa, waɗanda suke ba da rance marar ruwa, wani lokaci ma kyauta. Bankunan da suke hulɗa da sojoji irin su Navy Federal da USAA su ma sun ba da rance marar ruwa a rufewar 2025, abin da zai kwantar wa Musulmi hankali ta fuskar riba. Masu ba da bashin gaggawa da suke buɗe shaguna kusa da sansanoni ne abin gudu, duk da cewa doka ta hana a ɗora wa soja ruwan da ya wuce kashi 36 cikin ɗari a shekara. Idan kuma wani ya rubuto miki ta WhatsApp da sabuwar lamba yana cewa shi ne ɗanki, ko shugabansa ne, a turo kuɗi domin a saki albashi, kada ki tura ko pesewa ɗaya sai kin kira lambar da kika sani kin ga fuskarsa. Ba a biyan kuɗi domin a saki albashin soja.

Tambaya: Malam, ina son shiga aikin sojan Ghana. Irin wannan rufewa tana iya faruwa a nan ta hana mu albashi?
Wani matashi, Asawase, Kumasi

Amsa: Ɗan'uwa, tsarinmu ya bambanta, ko da yake tushen ɗaya ne, domin a nan ma sai majalisa ta amince ake taɓa asusun gwamnati. Shekarar kuɗinmu daga Janairu take zuwa Disamba, kuma kundin tsarin mulki na 1992 ya yi tanadi a sashe na 180: idan kasafi ba zai fara aiki a farkon shekara ba, shugaban ƙasa yana iya neman amincewar majalisa ya kashe abin da zai riƙe ayyukan gwamnati na wata uku. Da wannan ake amfani a shekarun zaɓe, kafin sabuwar gwamnati ta kawo nata kasafin. A ƙarshen 2024 an kusa ganin abin da kake tsoro, lokacin da rikici kan wane ɓangare ne ke da rinjaye ya hana majalisa zama yadda ya kamata, har shekara ta ƙare ba a amince da kasafin wucin gadin ba. Ranar 2 ga Janairu 2025 aka zartar da shi, kusan sidi biliyan 68, kwana biyar kafin rantsar da Shugaba John Mahama, kuma da yake albashinmu na ƙarshen wata ne, jinkirin bai kai ga aljihun ma'aikata ba.

Abin da ya fi dacewa ka shirya masa shi ne wanda sababbin ma'aikatan gwamnati suka saba gani a nan, wato jinkirin shigar da suna cikin tsarin biyan albashi da kuma tarin alawus da ba a biya a kan lokaci, kamar yadda malaman makaranta da ma'aikatan jinya suka sha kokawa. Idan ka samu shiga, ka fara ajiye wani abu tun daga albashin farko har ya kai kuɗin hidimar wata ɗaya ko biyu, kuma kada ka yi wa gida alkawarin aike na kowane wata da ya fi ƙarfin abin da kake karɓa. Sanarwar ɗaukar sojoji kuwa ka neme ta daga rundunar kanta, kada ka ba kowa kuɗi da sunan zai shigar da kai.