Ku Tambaya Mu Amsa: Wai ba duk harsashi harsashi bane?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Garwa, Kamaru:

Assalamu alaikum malam, da fatan kana lafiya, ya aiki ya iyali. Ni direba ne a wani sansanin farauta can wajen kogin Faro, shekarata ta huɗu kenan, duk rani Turawa na zuwa farautar ɓauna da gwanki da wannan ƙaton naman da ake cewa ilan ɗin Derby. Abinda ke ɗaure min kai shine sai kaga mutum biyu bindigarsu iri ɗaya, .375 (lambar faɗin bakin bindigar kenan a inci), amma da dare in an zauna cin abinci suyi ta gardama akan harsashi kamar zasu daku, wannan yace na kamfanin Barnes wancan yace na kamfanin Swift, kuma naji ance kwali ɗaya mai guda 20 kuɗinsa ya kusa albashina. Wai ba duk harsashi harsashi bane? Ai in ya shiga ya shiga.

Amsa:

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, ya Garwa ya zafi. Toh maganar shigar ita ce ai duk rigimar, don akwai wanda ke shiga ya tsaya a bakin ƙofa akwai wanda ke wucewa har ƙuryar ɗaki.

Abinda muke haɗawa mu kira harsashi, kwanso ne da albarushi da 'yar hular nan ta gindi da ke tada wuta, sai kuma kan, kuma kan nan shi kaɗai ke barin bindiga ya je wajen dabba. Na gama-gari dalma ce aka zuba cikin siririyar riga ta jan ƙarfe, ba a manne suke ba, an dai cusa ɗaya cikin ɗaya. A jikin barewa ko gada wannan ya isa har yayi yawa. Amma ɓauna kai ka fi ni saninta, fata mai kauri ga busasshen taɓo a kai, ga ƙashin kafaɗa, ga haƙarƙari masu faɗi kusan a jere ba rata, in kuma ta ɗan karkace sai harsashi ya ratsa tumbi cike da jiƙaƙƙiyar ciyawa kafin ya ga huhu. Kan .375 mai giren 300, wato wajen giram 19 da rabi, yana fita da gudun kusan mita 770 a daƙiƙa, in ya daki ƙashi da wannan gudun kuma ginin nasa ba ƙwari sai rigar ta tsage dalmar ta tarwatse, a samu babban rauni a waje amma cikin lafiya lau.

Na taɓa zama da wani tsohon jagoran farauta da ke tara kawunan harsasan da aka ciro wajen fiɗa a cikin gwangwanin madara, ya juye min su a faranti yace in zaɓi biyu. Ɗaya ya buɗe kamar laima, gabansa ya ninku baya tsaf, gindin na nan a miƙe, in ka ɗora a tafin hannu kaji nauyinsa kusan kamar ba a harba ba, yace a ƙarƙashin fatar ɗaya gefen aka same shi. Ɗayan kuwa wallahi kamar ɓawon gyaɗa, riga ce kawai a yage ba komai ciki, da ɗan yatsa ma na lanƙwasa ta. Wannan a kafaɗa ya tsaya, kuma kwana biyu masu bin sawu suka yi cikin doguwar ciyawa suna neman ɓaunar, kowa ransa a hannu. Bai faɗa min kamfanin da ya yi shi ba nima ban tambaya ba.

Irin haka ce ta faru da John Nosler a 1946 a British Columbia ta Kanada, ya harbi wani ƙaton naman dajin can da ya sha birgima a taɓo, harsasansa suka riƙa fashewa a kafaɗa. Ya koma gida ya ƙera kan harsashi mai katanga a tsakiya, ɗaki biyu, dalmar gaba ta buɗe ta yi ɓarna ta baya kuma katangar ta riƙe ta taci gaba da nutsawa, a 1948 ya fara sayarwa da sunan Partition. Yakan zubar da wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, duk da haka har gobe ana ji da shi. Swift A-Frame da kaji suna ambata wannan dabarar ce aka ƙara wa ƙarfi, katangar ta fi kauri sannan an like dalmar da rigar yadda ba zasu rabu ba, shi yasa zaka ciro shi da fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinsa. Barnes kuma suka ce to a cire dalmar ma baki ɗaya, a 1989 suka fito da X wanda jan ƙarfe ne zalla da ɗan rami a baki, in ya shiga sai ya tsage gida huɗu kamar fure, a 2003 suka yi masa zobba a jiki suka kira shi TSX. Akwai wasu nagari, Trophy Bonded Bear Claw, da Woodleigh na Ostireliya, da Norma Oryx na Siwidin wanda baƙinku na Turai ba zasu rasa zuwa da shi ba.

In ni ne zan harbi ɓauna harbin farko, tsakanin A-Frame da TSX duk wanda bindigata ta fi harbawa daidai shi zan ɗauka, gardamar daren nan rabinta son kai ne irin na 'yan ƙwallo. Bambanci ɗaya dai da ya kamata a sani, TSX na yawan ɓullewa ta ɗaya gefen, hakan na da kyau don jini na zuba ta ƙofa biyu masu bin sawu su huta, amma in garke ne ya cakuɗe sai ya wuce ya sami macen ɓaunar da ke baya, kuma a wannan harkar in dai an ga jini to ka biya kuɗin dabbar ko an same ta ko ba a same ta ba. A-Frame yafi buɗewa da faɗi ya tsaya a fatar can. Sannan ɓaunarku ta Faro da Binuwai bata kai baƙar ɓaunar Tanzaniya da Zimbabuwe girma ba, waccan namiji na iya haura kilo 700, amma kar wannan ya ruɗi kowa, mai rauni dai mai rauni ce. Ilan ɗin kuma duk da ba mafaɗaci bane yafi ɓaunar taku nauyi nesa, babban namiji na doshin kilo 900, shima harsashi mai riƙe kansa yake so.

Maganar tsada kuwa, mutumin da ya biya jirgi daga Faransa ko Amurka ya biya lasisi ya biya sansani na sati biyu, kwalin nan shine abu mafi araha a duk tafiyarsa, sayen nagari ai mai da kuɗi gida ne.

Tambaya daga wani Alhaji a Kaduna:

Malam barka da aiki. Abokin kasuwancina ya gayyace ni Zimbabuwe farauta badi in Allah ya kaimu, ɓauna ce a lissafi amma yace ƙila a samu dorina. Ya turo min saƙo wai in yi tunanin sof da solid, ni ban gane ba kuma kunya ta hana ni tambaya. Sannan wani yace min in ba .458 ba kar ma in fara. Ka taimaka da bayani.

Amsa:

Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya kaimu. Sof shine duk waɗanda na lissafa a sama, masu buɗe baki. Solid kuma dunƙulalle ne da ba ya buɗewa sam, ko dalma cikin riga mai kauri ta ƙarfe ko kuma tagulla zalla, aikinsa kawai ya tafi a miƙe ya huda duk abinda ya tarar. Giwa dole sai da shi, don in ta fuskanto ka ƙwaƙwalwarta na can bayan fiye da rabin mita na ƙashi mai ramuka kamar saƙar zuma, sof ko wane iri ne zai iya ƙarewa a hanya. Dorina in a tudu take itama solid, in kuma a ruwa ne da kai kawai ake gani to wannan harbin ƙwaƙwalwa ne kuma saiti ake nema kafin komai, jagoranka zai faɗa maka abinda yake so ka ɗura. Na zamani da yawa bakinsu a baje yake maimakon zagaye, masu aikin sun lura irin wannan yafi riƙe hanya baya karkacewa a ciki.

A ɓauna tsohon tsari shine sof a sama solid a ƙasa cikin gidan harsashi, na farko a kafaɗa tana tsaye, sauran kuma ƙila ta baya zaka bi ta da su tana gudu inda ake buƙatar nutso mai nisa. Yanzu da sof ya yi ƙwari jagorori da dama sun koma cewa a cika da shi kawai, wasu kuma har yanzu suna nan kan tsohon. Kar ka yi musu da naka, shi zai shiga gaba in abu ya ɓaci. Amma in zaka haɗa biyun to su zama nauyi ɗaya kuma a gwada a takarda a mita 50 da 100 a ga suna faɗawa wuri ɗaya, sau da yawa basa yi.

Wanda yace sai .458 kuma, hmm. Dokar Zimbabuwe na neman harsashi mai faɗin da bai gaza milimita 9.2 ba da ƙarfin jul 5,300 (jul shine ma'aunin ƙarfin dukan harsashi) ga giwa da ɓauna da dorina, Namibiya jul 5,400, Tanzaniya kuma .375 ne mafi ƙanƙanta. To .375 H&H da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar tun 1912 yana bada wajen jul 5,700 da giren 300, ya tsallake duka. Shi 9.3x62 na Jamus, na Otto Bock tun 1905, faɗinsa ya kai amma yawancin ɗurin kamfani bai cika jul ɗin ba don haka sai an tambaya. Su .416 Rigby mai giren 400 da .458 mai giren 500 ba wanda yace basu fi duka ba, sun fi, amma ta baya ma sun fi, kuma wanda bai saba ba in bindiga ta nushe shi a kafaɗa sau uku sai ya fara rintse ido yana fizgar kunama tun kafin ta tashi, daga nan harsashin sai tumbi. Manyan nan na jagora ne da zai tsayar da abinda ya taso a taku goma, shi kansa .458 Lott ai wanda ya ƙirƙiro shi, Jack Lott, sai da ɓauna ta ji masa ciwo a Mozambik a 1959 sannan ya shiga neman abinda yafi .458 Winchester. A ɗaya gefen kuma ga Bell ɗan Sikotland da ake wa laƙabi da Karamojo, wanda farkon ƙarnin da ya wuce ya kashe giwa sama da 1,000, wajen 800 da ɗan ƙaramin 7x57 da solid mai giren 173, saboda ya san inda ƙwaƙwalwa take ta kowace kusurwa. Ba cewa nayi a kwaikwaye shi ba, yau doka ma bata yarda ba kuma zamanin ɓarna ne wancan.

Shawarata Alhaji kar ka wahalar da kanka da neman fita da bindiga daga Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ba wasa bace ga takardun kwastan na ƙasa biyu ko uku, kuma jirgi ma kilo 5 na harsashi kawai yake yarda da shi a akwati mai makulli. Sansanonin can na bada hayar bindiga da harsashinta, ka tambaye su tun yanzu wane iri suke da shi, in ka isa kuma ka roƙi a baka lokaci a filin gwaji kana harbi a tsaye kan sandunan nan uku da ake ɗora bindiga, don a haka zaka yi harbin gaske ba a kan tebur ba.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Marwa, Kamaru:

Malam maigidana na aiki a sansanin farauta yakan kawo mana nama, rannan ina yanka na tarar da ƙananan ƙarafa masu toka-toka a ciki. Akwai illa? Kuma naman ma ya halatta?

Amsa:

Hajiya wannan dalma ce kika gani, kuma eh guba ce, tafi illa ga ƙananan yara da mai juna biyu don tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, dafuwa kuma bata kashe ta, in ma an sa tsami a miya ƙara narkewa take. Abinda ido ya gani kaɗan ne, akwai ɓurɓushi kamar ƙura da ke bazuwa kewaye da ramin. Ki yanke duk inda ya yi baƙin jini ki ƙara da faɗin tafin hannu ko fiye ta kowane gefe, ki binne kar ki ba kare ko kaji, ungulu ma haka take mutuwa in ta ci kayan cikin da aka bari a daji, wannan na cikin dalilin da yasa jihar Kalifoniya ta hana farauta da dalma gaba ɗaya tun 2019. Ki ce wa maigida in ana rabo ya nemi cinya ko gadon baya nesa da inda aka harba, in kuma da harsashin jan ƙarfe zalla aka yi harbin to da sauƙi sosai.

Halacci kuwa malamai da yawa na mazhabarmu ta Malikiyya sun halatta abinda bindiga ta kashe in maharbin Musulmi ne kuma ya yi bisimilla lokacin harbi, in kuma an iske dabbar da sauran rai to dole a yanka. Tunda a sansani baƙo ne ke harbin, ki tambayi maigida ko akwai Musulmi cikin masu bin sawu da ke sa wuƙa in an cimma ta da rai, sai ku kai wa malamin unguwarku yadda abin yake ya baku fatawa.