Shin kafson man kifi yana sauke kwalastarol?

Tambaya: Likita, shekaruna 45, ba ni da hawan jini ko ciwon suga, amma ciwon zuciya ne ajalin mahaifina. Wani abokina ya ce in riƙa shan kafson man kifi kullum don ya sauke mini kwalastarol. Yana yin wannan aikin kuwa?

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka. Maganar abokin naka ba ta cika daidai ba. Idan aka auna kitsen jini, takardar sakamako takan nuna LDL, nau'in kwalastarol ɗin da ke taruwa a bangon jijiyoyi har ya toshe su, da HDL, wanda ake kira kwalastarol mai kyau, da kuma wani nau'in kitse da ake kira tiraigilisarayid. Sinadaran omega-3 da ke cikin man kifi, wato EPA da DHA, tiraigilisarayid ɗin suke saukewa. LDL kuwa ba sa rage shi, DHA ma kan ɗan ɗaga shi a jikin wasu.

Ko saukewar ma sai da adadi mai yawa. Ana buƙatar giram 2 zuwa 4 na EPA da DHA a rana kafin tiraigilisarayid ya ragu da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, alhali idan ka juya bayan kwalbar da aka saba sayarwa a kemis, za ka ga an rubuta miligiram 1000, amma EPA da DHA da ke cikin kowace ƙwaya ba su wuce miligiram 300 ba. Ƙwaya ɗaya da safe ba za ta sauya komai a takardar gwajinka ba.

Binciken VITAL da aka wallafa a Amurka a 2018 ya bi mutane kusan 26,000 da ba su da tarihin ciwon zuciya na kimanin shekara biyar, kuma giram ɗaya a rana bai rage manyan matsalolin zuciya da shanyewar ɓarin jiki yadda za a dogara da shi ba. Amfanin da aka gani a binciken REDUCE-IT ya shafi marasa lafiya ne masu shan statin, wato maganin sauke kwalastarol, da tataccen EPA wanda likita ke rubutawa. Shan mai yawa kuma yana ƙara haɗarin rikicewar bugun zuciya, sannan mai shan maganin tsinka jini kamar warfarin ya kamata ya tuntuɓi likitansa tukuna.

Tunda akwai tarihin ciwon a gidanku, gwajin jini ne ya fi gaggawa, domin yawan LDL kan bi gado kuma ba ya nuna alama. Kuɗin kafso ka sayi kifin taitus ko sadin da shi, ka ci sau biyu a mako, gasasshe ko a miya maimakon soyayye, ka kuma rage kitsen nama da man shanu. Idan LDL ɗin ya fito sama sosai, maganar statin za ku yi da likitanka.