Kakata da gwaggona sun yi sankarar mama, ni ma zan gada?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni haifaffiyar Makka ce, shekarata 29, 'ya'yana biyu mata. Sankarar mama ce ajalin kakata ta wajen uba, yanzu kuma an gano ta a jikin gwaggona, ƙanwar babana, tana da shekara 38. Ummana ta ce ciwon mata ta wajen uwa ake gadonsa, kuma ai an ɗebi jinina kafin aure ba a ga komai ba. Haka ne?
Daga wata mai karatu, Makka

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan kaka, ya tashi kafaɗun gwaggo. Na san Umma hankalinki take son kwantarwa, amma gaskiya dangin uba da dangin uwa daidai suke a wannan sha'ani.

Kowane mutum, mace ko namiji, yana da wasu ƙwayoyin halitta biyu da ake kira BRCA1 da BRCA2, an gano su a 1994 da 1995. Aikinsu gyara ɓarnar da ke aukuwa a cikin ƙwayoyin jiki kafin ta rikiɗe ta zama sankara. Kowacce kwafi biyu gare ki, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan mahaifinki ya gaji mai tawaya daga kakarki, zai iya tsufa ƙalau bai sani ba, amma duk ɗan da ya haifa, rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Ta nan abin ke ɓuya a gidajenmu, ya bi ta jikin maza shiru, a ɗauka ya wuce.

Kada ki ɗauka an riga an yanke hukunci. A cikin mata ɗari masu sankarar mama, biyar zuwa goma ne kawai nasu gado ne. Abin da ya tsaya mini a rai a wasiƙarki shi ne shekarun gwaggo. Ciwo a ƙasa da shekara arba'in, ga uwa ga 'ya, alama ce da ba ma wasa da ita. Macen da ke ɗauke da tawaya a BRCA1, haɗarinta a tsawon rayuwa yakan kai kashi 55 zuwa 72 cikin ɗari, ga kuma haɗarin sankarar gidan ƙwai, wadda ta fi wuyar ganowa da wuri. Ba ciwon Turawa ba ne kuma. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka fitar a 2018 kan masu sankarar mama a Ibadan ya samu tawaya ta gado, a BRCA ko wasu ƙwayoyin halitta makamantansu, a kusan kashi 15 cikin ɗari.

Gwajin kafin aure da Saudiyya ta wajabta tun 2004 sikila da talasimiya (wani ciwon jini na gado) yake dubawa, daga baya aka ƙara ƙanjamau da ciwon hanta. Bai taɓa BRCA ba sam.

Shawarar da na fi so ki riƙe ita ce gwaggo a fara yi wa gwajin BRCA, ba ke ba. Jini kaɗan ne ko yawu. In an samu tawayar a jikinta, an san takamaiman abin da za a nema a jikin babanki da naki, kuma in ba a same shi a naki ba, kin koma kamar sauran mata. Ita ma zai amfane ta, domin yana iya sauya irin tiyata da maganin da za a zaɓar mata. Manyan asibitoci irin na Sarki Faisal da ke Riyad da Jidda suna da sashen cututtukan gado, likitan da ke duba ta shi zai tura ta. Na san nauyin da ke tsakanin 'ya da gwaggo, na kuma san yadda muke rufe wannan ciwo don gudun kada 'yan matan gida su rasa mijin aure. Ki je mata ke kaɗai, ko ki sa babanki ya yi mata maganar, shi ma abin ya shafe shi, domin maza masu tawayar BRCA2 suna da ƙarin haɗarin sankarar furosteti, wato wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, har da ta mama.

In ta tabbata kina ɗauke da ita, akwai abin yi. Ana fara hoton MRI duk shekara daga shekara 25, a haɗa da mamogiram, wato hoton mama na X-ray, daga 30. Cire gidan ƙwai bayan an gama haihuwa, ko cire mama tun kafin ciwo, zaɓi ne da za ki zauna da likita da maigidanki ku auna, ba dole ba ne.

Kafin nan, ki rubuta duk wanda ya taɓa yin sankara a dangin babanki, da irinta, da shekarunsa lokacin da aka gano, har waɗanda ke Najeriya ko Nijar, ki kai wa likita. In kin ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko da ba ya ciwo, kada ki jira sakamakon kowa. 'Yan matanki kuwa a bar su tukuna, ba a yi wa yara wannan gwaji sai sun kai shekara 18 sun amince da bakinsu.