Kalmar tana nan, kwamfuta ta ce babu

Malam, ina duba kundin digirina a Word. Na danna Ctrl+F na nemi "ƙasa", sai ya nuna mini wuri 9 kacal, alhali na san ta fi haka nesa ba kusa ba. Ko kwamfutar ce ta samu matsala? (Ɗaliba daga Zariya)

'Yar'uwa, kwamfutarki lafiyarta ƙalau, rubutun ne ba shi da lafiya. Na tabbata mutum uku ne suka buga miki kundin nan a shaguna uku. Wannan ya rubuta ƙasa da lanƙwasa, wancan ya rubuta kasa, na ukun ya sa k'asa. A idonki kalma ɗaya ce, a wurin na'ura kuwa k da ƙ ba su haɗa ko kaka ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsofaffin salon haruffan Hausa da har yau wasu suka ƙi rabuwa da su. A allo ki ga ƙ ras, amma abin da ke ƙarƙashi } ne, ɗ kuma ]. Shi ya sa ake cin karo da "}ungiya" da "]aya" a intanet. Ki nemi ƙungiya a irin wannan takarda har gobe, ba za ki same ta ba. Ga kuma 'yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ inda muke rubuta 'y.

Maganin gaggawa: shiga Advanced Find, ki kunna Use wildcards, ki rubuta [kƙ]asa. Zai kamo biyun tare, k'asa kuma ki neme ta daban. Amma don Allah kada ki danna Replace All (mai sauya duka lokaci guda) ido rufe, in ba haka ba duk inda wani ya kasa cin jarrabawa zai koma ya ƙasa. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Daga yau kuma ki riƙe wannan: a Word, buga 0199 ki danna Alt+X, ƙ za ta fito. Ta ɗ 0257, ta ɓ 0253. A waya, ki ƙara Hausa a Gboard, wato manhajar Google ta buga rubutu.

Ranka ya daɗe, an turo mini yarjejeniya a PDF, ko kalma ɗaya ba ta nemuwa. (Akawun lauya, Kano)

Hoton takarda aka turo maka. Ɗora shi a Google Drive, ka buɗe da Google Docs, zai mayar da shi rubutu. Ka sake duba lambobi da sunaye da idonka, yana tuntuɓe a kansu.

Ina da PDF kusan 60, wanne ne ke ɗauke da sunan wani fili? (Daga Maraɗi)

Tara su a folda ɗaya, buɗe Acrobat Reader, danna Shift+Ctrl+F, ka nuna masa foldar. Kafin ka gama shayi ya gama.